Faifan Gyaɗa a Ofishin Asibiti

Zuwa ga Kaka Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, jikarki Yagana ce, wadda kike cewa ba za ta bar boko ba sai takarda ta ƙare a duniya. To, ba ta ƙare ba tukuna. Ina shekarar ƙarshe a digiri na biyu, fannin ilimin halayyar ɗan Adam. Kafin a ba mutum lasisin zama da masu ciwon damuwa shi kaɗai, sai wani babba a aikin ya sa masa ido na watanni a asibiti, ya sa hannu cewa ya iya. Mai duba nawa aikin Dakta Saratu ce, 'yar Biu, kuma ba ta da wasa. Na san da kina raye dariya za ki yi, ki ce ashe zama da mutane ma sai da takarda.

Wata mata ce ta sa na rubuto miki. Ba zan faɗi sunanta ba, aikinmu ya hana. Rikici ne ya koro ta daga ƙauyensu zuwa Yerwa, ta daina barci, abinci ma sai an matsa mata. Sau uku ana kawo ta wurina, sau uku tana tafiya ba ta ce komai ba bayan gaisuwa. Ni kuwa na yi duk yadda aka koya mini. Na zauna muna fuskantar juna, na dube ta cikin ido don ta san ina saurare, biro da takarda a hannuna. Dakta ta ce idan zama na huɗu ya tafi haka, za ta miƙa ta ga wani, ni kuma a ƙara mini watanni. Ƙarin watannin bai dame ni ba kamar ramar matar. Na ji tsoro, Kaka, domin ina ganin tana ƙarewa a gabana.

Ina cikin Keke Napep hanyar gida sai zaurenki na Abbaganaram ya faɗo mini a rai. Duk matar da ta shiga takaba a unguwar, ko wadda ta binne ɗa, ƙafarta sai ta kawo ta wurinki. Ban taɓa jin kin tambayi ɗaya me ke damunta ba. Tabarma kike shimfiɗawa, ki jawo faifan gyaɗa, ki zauna a gefenta kuna kallon bango ɗaya. Sai ki yi ta mitar cewa yatsunki sun tsufa, a taimaka miki da ɓara. Mu da muke gidan mun san ko saurayi ba zai riga ki cika kwano ba.

Wata rana na matsa wa wata baƙuwarki da tambaya, kika ja kunnena bayan ta tafi, kika ce: "Ki bar mata bakinta, Yagana. Hannunta za ki ba aiki."

Ranar zama na huɗu na biya kasuwa na sayi gyaɗa mai ɓawo, na ari faifai wurin mai sharar asibiti. Na tura tebur gefe, na ɓoye biro a jaka, na zauna kusa da ita a kan darduma. Na yi mata irin ƙaryarki, sai dai ni ciwon yatsa na ce. Mun kusa cinye rabin lokacinmu ba abin da ake ji sai ƙarar ɓawo. Can sai ta ce 'yarta tana son ɗanyar gyaɗa. Daga nan ta yi ta magana, idonta a kan faifai. A zama na gaba ta gaya mini cewa tun da suka gudo, duk wanda ya zaunar da ita ya kafa mata ido da biro a hannu, tuhumarta yake yi. Na ji kunya ƙwarai.

Ba ta warke ba, kada ki ce na cika baki. Amma ta fara barci, kuma da ƙafarta take zuwa. Dakta ta ga ɓawo a ƙasan ofis, ta tambaye ni a wane littafi na samo wannan. Na fara jero mata Turanci, ta ɗaga mini hannu, ta ce tata kakar da auduga take yi. Ta bar mini matar.

Ina sharar ɓawon nan na tsaya da tsintsiya a hannu. Ranar sadakar ukun Mama, ina 'yar shekara tara, na ƙi ci, na ƙi magana da kowa. Kika kira ni bayan ɗaki wai aiki ya yi miki yawa. Na tuna ina ɓarar gyaɗa ina jin haushinki, ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta da tausayi. Na tuna kuma a kan cinyarki na yi kukan da na kasa yi kwana uku. Ke ma 'yarki kika binne a makon, amma ni kika zaunar. Shekara ashirin ban gane ba, kuma ban taɓa yi miki godiya ba.

Na gode, Kaka. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa ki da Mama a Aljanna Firdausi. Ni kuma Ya ba ni ko rabin haƙurinki kafin a ba ni takardar.

Jikarki mai kewarki,
Yagana