Shagon Shadrak a Talabijin

Zuwa ga Yaya Gilbert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Emily da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfi a aikin nan na Fatakwal. Mu nan da sauƙi, sai tsadar da ta raba tukunyarmu da nama. 'Yata Tina ta warke daga ƙyanda, har ta koma makaranta.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ba mai daɗi ba ne. Da damina wasu masu wasan kwaikwayon talabijin suka zo Gwarzo daga Kano, suka roƙi maigidana Shadrak aron shagonsa na magani. Ka san shi da son a sani, har zoɓo ya sayo musu. Wasan 'yan sanda ne da masu kisa, kuma tunda nake ban taɓa ganin shirme irinsa ba. Gawa na kwance tana korar ƙuda, sufeto na bin ɓarawo da silifas, jinin ma zoɓon Shadrak ne. Mun yi dariya har da hawaye.

A kashi na uku dariya ta ƙare. Aka nuna mai shagon yana sayar da maganin da ke kashe yara, ga allonmu da sunan Shadrak ɓaro-ɓaro, ko tsumma ba su rufa masa ba. Na je Kano na sami mai shirin, ya ce in kwantar da hankalina, a kashin ƙarshe za a gane sharri aka yi wa mai shagon. Har yau shiru, wai tsuke bakin aljihu ya sa an dakatar da wasan.

Waɗanda suka gani a gidan kallo ba su ɗauke shi wasa ba. Ka kuma san yadda gari yake tun da aka fara maganar Shari'a, kowa na kallon kowa. Limamin unguwarmu, Malam Tasi'u, Allah ya saka masa, ya faɗa a masallaci cewa ƙarya ce, amma ido ya riga ya gani.

Makon jiya zazzaɓi ya kama ɗan maƙwabciyata Murja, yaron da ya yi wayo a bayana. Maganin yana kan kantarmu, titi kawai za a tsallaka. Mijinta ya hana, ya ce sai dai wurin wani mai magani a Kabo. A kan babur yaron ya cika. Da na je gaisuwa, Murja ta riƙe hannuna gam, ta kasa kallona. Tun ranar Shadrak bai buɗe shago ba, ba ya ci, ba ya magana. Tsoro nake ji, Yaya. Maganarka kaɗai yake ji, don Allah ka zo.

Ka gaishe da Anti Emily da ɗanka Israel, da Baba idan ka biya ta Zonkwa. Kada ka gaya masa komai tukuna.

Ƙanwarka,
Irene