Ƙafar Aghali da Akwatin Jirgi

Dakar, 4 ga Maris 1987

Zuwa ga Mushe Barnaba, malamin makaranta, lakwal ɗin Belbeji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Lois da yara. Mushe, tsohon ɗalibinka yana tsaka mai wuya. Kafin a ba mu jirgin feshin fara, sai mun ci gwaji a wani akwatin ƙarfe mai kwaikwayon jirgi: kujera, sanda, da matakai biyu na ƙafa. Ka taka na dama, hancin jirgi ya yi dama. Ni kuwa a bayan raƙumi na girma, ka san in ana so ya yi hagu, ta dama ake ture wuyansa da ƙafa. Ƙafata ta ƙi mantuwa. Sau biyu ina kifar da akwatin a gaban malami. Saura gwaji ɗaya, ƙarshen Mayu. In na faɗi, sai gida.

Makaniken wurin, Gajere, ɗan Damagaram ne, ya ji tausayina. Ya ce wayoyi biyu ne kawai, zai musanya su a ɓoye ranar gwaji, dama ta zama hagu. Tsoro nake ji ƙwarai. Me ka gani? Don Allah kada Baba ya ji.

Naka mai biyayya,
Aghali

Belbeji, 2 ga Afrilu 1987

Ɗana Aghali,

Muna lafiya, mun gode wa Ubangiji. Wasiƙarka ta iso, kuma Baba ya ji. Yi fushi in ka ga dama. Ni ban taɓa hawan abin da ya wuce keke ba, wa zan tambaya?

Amma fara jin tawa. Gajere zai bi ka sama da filaya ne ya musanya wayoyin jirgin gaskiya? Gara ka dawo mana da kunya a kan ƙafarka da a kawo mu inda ka faɗo. Kada ka yarda.

Ran kasuwa na sami babanka, Malam Ila, a wajen masu dabbobi, na karanta masa, har na zana masa matakan a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya har rawaninsa na tagelmust ya zame. Ya ce, "Mushe, wa ya ce wa yaron nan raƙumi ne? Abu mai likkafa biyu ai doki ne! Inda ka danna likkafa, nan doki ke bi. Ya tuna goɗiyar kawunsa ta Gangara, wadda ta kayar da shi a rijiya." Ya ce kuma ka cire takalmi in kana koyo, ƙafa cikin takalmi kurma ce.

Lois na gaishe ka, kullum kana cikin addu'arta. Allah ya tsare.

Malaminka,
Barnaba

Dakar, 30 ga Mayu 1987

Mushe,

Gaisuwa da girmamawa. Na ci! Mako shida ina shiga akwatin da safa kawai, ina ce masa "goɗiya" a raina, abokai na yi mini dariya. Gajere bai taɓa waya ko ɗaya ba. Da malami ya buɗe ƙofa ya ce na wuce, sai na fito na zauna a ƙasa don murna.

Da damina za a turo mu feshi a yankinmu na Damargu. Ka ce wa Baba in ya ji ƙara a sama ya riƙe raƙumansa da kyau, ni ne.

Haza wassalam,
Aghali