Ƙarshen Sunan da Illo Ya Bari

Matameye, 4 ga Yuni 1956

Yaya Hamisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Mariyama da yara, da ɗalibanka na Kano.

Albishirinka! Na sauka shekaranjiya, mace, lafiyayya. Goshin maigidana, ƙaninka Illo, ta ɗauko sak. Da na gani sai kuka da dariya suka haɗe mini. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Ga abin da ke damuna. Tun ina da ƙaramin ciki yake cewa in mace ce, ko wane suna aka raɗa mata, shi zai riƙa kiranta da sunan wata mata ta cikin wasan Turawan Ingila da kuka yi kuna makaranta. Sunan dogo ne, farkonsa ya ƙi zama a bakina, amma ƙarshensa kamar "damuna". Inna ta ce ba za a kira jikarta da abin da ba a san ma'anarsa ba. Don Allah ka aiko mini da ma'anar ta hannun Manu mai kamiyo, babbar motar kaya, kafin ranar suna.

Ƙanwarka,
Safiyatu

Matameye, 10 ga Yuni 1956

Yaya Hamisu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarka ta iso.

Da na karanta cewa ma'anar "marar sa'a" ce, kuma mijin matar ya kashe ta a kan ƙaryar da aka yi mata, sai na ɓoye wa Inna. Amma da na kai inda ka ce babu 'yan mata a makarantarku, Illo ne aka ɗaura wa zane da ɗankwali ya fito a matar, wallahi na yi dariya har jaririya ta farka. Ashe shi ya sa yake son sunan! Bai taɓa gaya mini ba.

Jiya aka raɗa mata Habsatu. Ana cikin rabon goro hadari ya taso daga wajen Tsauni, ruwan shuka ya sauka, maza suka watse neman iri.

Bayan an watse na gaya wa Inna gaskiya duka. Na ce farkon sunan na Turawa ne, su riƙe abinsu da rashin sa'arsa. Ƙarshen shi na ji daga bakin Illo, shi zan ba 'yarsa. Inna ta ɗauki jaririyar, ta kira ta Damuna.

Ka zo ka gan ta. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Safiyatu, uwar Damuna