Amsa Mafi Tsawo

Nkhata Bay, 3 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyar ƙanwata, Tiyezge,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da furfurata da kuma ƙuruciyarki. A shaida wa masunta, da masu jiran jirgin ruwa, da duk wani mai kunne a gaɓar tafkin nan, cewa ni, Yotamu Mkandawire, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koyar da Turanci, yau an aiko mini da wasiƙa mai layi huɗu. Layi huɗu! Ko takardar likita ta fi ta sakin fuska.

Duk da wannan cin fuska, na fahimci damuwarki. Kin zauna jarrabawar shiga jami'ar Amurka sau biyu, kowane zama ya ba ki maki 1350, kina tambayar wanne za ki aika. Ga hukuncina: aika na biyu. Na farko kin zauna shi kina marainiyar ilimi. Na biyu kuwa ya zo ne bayan wata guda cur a barandata, inda na ɗora ki a kan ƙa'idar da ba ta taɓa ba ni kunya ba: idan amsoshi huɗu suka jeru a gabanki, ki zaɓi mafi tsawo. Tuni na sanar a coci cewa Turancinki ya kai inda Turawan ma sai sun nemi tafinta.

Kawunki mai ƙaunarki,
Y. Mkandawire

Lilongwe, 11 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya gwiwar? Mama ta ce ka daina hawa tudun nan da rana tsaka.

Kawu, tallafin karatun sai mai 1400, kuma ranar 1 ga Nuwamba za a rufe. Madam Chirwa, tsohuwar ɗalibarka mai duba mana takardu a makaranta, ta ce jami'ar tana ɗaukar mafi kyau daga kowane ɓangare, Turanci da lissafi, idan an aika duka biyun, ta ce in kawo mata su ta gani. Ta kuma ce in gaishe ka, wai har yau tana mafarkin jan bironka.

Amma ni na farkon kawai zan kai. In ban samu ba, baɗi ma shekara ce. Ka ga na wuce layi huɗu.

Taka,
Tiyezge

Lilongwe, 12 ga Oktoba

Yaya Yotamu,

Gaisuwa, amma a tsaye, don tukunya na kan wuta.

Jiya na je ɗibar garin tuwon nsima, hannuna ya ci karo da takarda a gindin bokiti. Sakamakon yarinyar nan ne na biyu. Gyara tabarau ka ji. Zaman farko: Turanci 690, lissafi 660. Zama na biyu, bayan barandarka: Turanci 610, lissafi 740.

Na ce, "Ke, wa ya cinye miki Turanci?"

Ta ce, "Mama, ashe su gajeriyar amsa suke so."

Na ce, "To lissafin fa, daga sama ya faɗo?"

Sai ta sunkuyar da kai. Ashe duk lokacin da ka rufe ido kana zuba jawabi, ita tana bayan ƙaton ƙamus ɗinka tana warware lissafi. Ta ce in ka ɗauko jimla ɗaya, takan gama tambaya uku kafin ka kai aya.

Haɗa 690 da 740 da kanka, ai ko malamin Turanci zai iya. Ta haye, har da rara. Amma ta rantse ba za ta kai duka biyun ba, don kada Madam Chirwa ta gani, yarinyar da ka yi shekara biyu kana rubuta wa "ya yi gajarta" a gindin kowane insha'i. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce, "Mama, Kawu fa ya riga ya faɗa a coci."

Za ta zubar da karatu don ta rufa maka asiri. Taurin kan nan kuwa ka san gidan da ta gado shi. Maganarka kaɗai take ji. Ka rubuto, kuma don Allah, Yaya, a taƙaice.

Ƙanwarka,
Tamala

Nkhata Bay, 17 ga Oktoba

Tiyezge, 'yata,

Gaisuwa. Kai duka biyun, yau. Ki gaya wa Madam Chirwa ita ce da gaskiya tun tana aji uku.
A rubuta a tarihi cewa a barandata aka sami maki tamanin na lissafi. Coci za ta ji wannan labari ranar Lahadi, da ma na tamanin ɗin da aka rasa a Turanci.
Kotun baranda ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi.
Tara: kwano ɗaya na busasshen kifin usipa, da wasiƙun da ba su wuce layi huɗu ba har ki gama digiri.
Wannan ta kai biyar. A ƙara rabin kwano.

Kawu