Turakun Fadamar Maibado

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Na iso gida da hantsi. Baba ya tarbe ni a tashar Malumfashi da babur, ya ɗaure akwatin kayan awo a baya kamar buhun masara, ina ta "a hankali, Baba, kwalabe ne." Shirin kula da fadamu ne ya turo ni in auna tafkinmu na Maibado, in kuma tsara yarjejeniyar yadda za a riƙa amfani da shi. A ofis sun ce aiki a garinku ya fi wuya. Ban ga wuyar ba. A ruwan nan na koyi iyo, a Zariya na karanta shi. Wa zai faɗa mini?

Da la'asar na zaga. Tafkin ya ja baya, bado ya ragu. Amma fadamar da ke samansa tana nan kore shar, ciyawar burugu da jema har ƙugu. Ita ce rariyar tafkin. Rafin da ke gangarowa daga wajen Ƙarfi sai ya ratsa ta, ciyawa ta karya masa gudu, laka ta kwanta, ruwa ya wuce a tace. Ran da fadama ta mutu, ƙasa za ta binne tafki. Karatun ke nan, saura duk ƙarin bayani ne.

Alhamis, 7 ga Maris

Katafila a tsakiyar fadama! Tun daga gida na ji rurinta.

Ta Alhaji Isah ce, babban dillalin hatsi daga Funtuwa. Ya sayi gonakin gabas, yanzu yana yanka lambatu don ya zuƙe ruwan fadamar ya sa tarakta. Mutum ne mai fara'a, har kujera ya sa aka kawo mini. Ya ce, "'Yar Labo ce ke? Madalla. Ruwan banza ne kwance, 'yata, sauro kawai yake haifa." Na tambaye shi ko an yi binciken muhalli kafin a fara. Ya ce takardar filinsa tana mota. Na ce takardar fili daban, izinin kashe fadama daban.

Ya yi dariya. Ya yi ta yi, za mu gani.

Asabar, 9 ga Maris

Lami ta zo. Benci ɗaya muka zauna a firamare, yau ga ta da 'ya'ya uku, ni ga ni da kwalabe. Mun yi dariya har ciki ya yi mini ciwo. Har yanzu Susi take ce mini, ita kaɗai ta rage mai kira na haka.

Daga baya ta saki maganar da ta kawo ta. Ita da matan unguwa suna da 'yan kuyoyin shinkafa a gefen fadamar, gadon iyaye, da fartanya suke yi. Da ita suke cin damina har kaka. Gonar mijinta Mati ta tudu ce, ta gaji. "Susi, in mutumin nan ya zuƙe ruwan, mun shiga uku."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ina nan.

Laraba, 20 ga Maris

Taro a ƙofar dagaci, da safe saboda masu azumi.

Ban karanta musu takarda ba. Kwando biyu na kawo: ɗaya da ƙasa tsura, ɗaya da ɓangaren fadama da na yanko har da saiwa. Na zuba ruwan taɓo a kowanne. Na farko ya zubo jawur. Na biyu ya ɗauki lokaci, ya ɗigo kusan garau. Sai wani tsoho ya ce "ikon Allah." Daga nan na kawo dokar tarayya da ta kare fadamu da gaɓar tafkuna.

Malam Sama'ila, sarkin ruwa, ya ce a fadamar nan tarwaɗa ke zuba ƙwai, masunta suna goyon bayana. Amma Lami ce ta karya taron. Ta shigo da mata, ta miƙe gaban dagaci, ta ce tun kakanni wurin nan ke ciyar da su. Ban taɓa ganin ta yi magana a gaban maza ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To. In doka ce, ta zama ta kowa. Kada a hana mai katafila a ƙyale mai fartanya." Na ce, "Doka ba ta duba fuska, Alhaji." Aka tafa mini. Matan ma sun tafa.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Kowa a coci sai ya riƙe mini hannu. Baba yana ta hura hanci.

Talata, 16 ga Afrilu

Umarni ya iso daga sama: a dakatar da haƙa, a mayar da ƙasa cikin lambatun. An ɗora katafila a tirela, yara suka raka ta da ihu har bakin titi. Na faɗa tun farko.

Juma'a, 3 ga Mayu

Mun kafa turaku masu jan fenti, iyakar da ba a noma a cikinta. Ban zaɓi layin da son raina ba. Ƙasa na bi: duk inda na tona na tarar da ita toka-toka da ɗigon tsatsa, ruwa na kwana a wurin, fadama ce.

Kuyoyin matan duka sun faɗa ciki. Na san za su faɗa tun kafin in tona.

Sakamakon gwajin ruwa ma ya dawo, akwai maganin ciyawa a ciki, kuma ta gefensu ya fi yawa. To me zan ce? Na riga na yi magana gaban dagaci.

Litinin, 6 ga Mayu

Lami ta zo, ba ta zauna ba.

"Malama Susana, turken da ke tsakiyar kuyata kuskure ne ko?" Malama Susana. Na yi mata bayanin ƙasa, na nuna mata sakamakon gwaji. Ta ce mutum biyu ko uku ne ke feshi, sauran da hannu suke cire ciyawa, a hana feshin mana. Na ce in na buɗe ƙofa ga fartanya yau, gobe Alhaji zai shigo da katafila, kuma bakina ya mutu.

Ta dube ni ta ce, "Mu muka tsaya miki."

Na ce don su nake yi, nan da 'yan shekaru za su gode mini. Ta ce 'ya'yanta ba sa cin shekaru.

Ta fita. Zafin rai ne, zai wuce. Gaskiya ɗaci gare ta.

Asabar, 15 ga Yuni

An tuge turaku ta gefen matan, an jera su a gindin gawo, ko ɗaya ba a karya ba. Na mayar da su. Ban kai ƙara ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Ruwa ya sauka sosai. Shamuwa ta cika gari, kirinjijiya, agwagwar ruwan nan, ta dawo fadama garke-garke. Alhaji ya cike rabin lambatun ya tsaya, wai sai rani. Na rubuta masa tunatarwa.

Lahadi, 7 ga Yuli

A coci matan zumunta sun matsa mini wuri, wuri mai faɗi ƙwarai, babu wadda ta zauna kusa. An sa Mati a addu'a, wai ya tafi Kaduna neman aikin gini. Da damina! Manomi!

A hanyar gida Baba ya ce, "Uwarki ma ta yi shinkafa a gefen nan. Da ita aka yaye ki." Na ce zamani ya canja, Baba, da babu maganin feshi. Ya ce haka ne. 

Alhamis, 22 ga Agusta

Ruwa tun shekaranjiya bai ɗauke ba. Rafin ya zo da fushi, ya cinye gadar katako, ya shiga fadama ya bazu ya zama wani tafkin. Na tsaya kan tudu da lema ina kallo. Yana shiga jawur da gudu, yana fita ta ƙasa a hankali kamar an ja masa kunne. Unguwar masunta da ke bakin tafki ruwa ya tsaya musu a ƙofar gida, bai shiga ɗaki ba.

Sai ta rabin lambatun da ba a cike ba. Nan ya samu hanya ya kwarara kai tsaye, ya zubar da tulin laka a tafki, ya kwashe masarar Alhajin kansa. Da an gama haƙa lambatun nan, da yau gawa muke nema.

Na yi daidai. Zan rubuta shi babba: NA YI DAIDAI.

Asabar, 24 ga Agusta

Alhaji Isah ya zo duba ɓarna, wando naɗe zuwa gwiwa. Ya ce, "'Yar Labo, kin ci gari." Ya yi alkawarin cike sauran da zarar ƙasa ta ɗauki mota. Malam Sama'ila ya aiko mini da tarwaɗa har gida.

Daga wajen matan shiru. Ai gidajensu ma fadamar ta tsare.

Talata, 17 ga Satumba

Sabon gwaji: maganin ciyawa ya ragu ƙwarai. Masunta sun ce rabon su da 'ya'yan kifi haka an daɗe. Ofis na son in gabatar da aikin a taro a Katsina.

Abu ɗaya dai. Inda kuyoyin matan suke, kacalla ta fara kama wuri, doguwar ciyawar nan da in ta kafu take shaƙe komai. Da can fartanya ke tare ta kowace shekara. Zan sa ido.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na bi ta gidan Lami, don hanya ce. To, ba hanya ba ce sosai.

Na tarar da ita tana casar shinkafa a turmi. Na yi mamaki, wa ya girbe shinkafa bana? Sai na ga wata tukunya a gefe, an fasa yumɓun da aka liƙe bakinta da shi. Iri ne. 'Yar jar shinkafar nan mai dogon kara da ke bin ruwa in ya ƙaru, wadda ba a samu a kasuwa. Daga surukarta ta gaje ta.

Yaran suna zaune sun zuba wa turmi ido. Ƙaramar ta rame. Masarar tudu ba ta yi ba, Mati kuma aikin ya tsaya. Ta ce in an kwana biyu za ta kwashe su su bi shi.

Na ce, "Kada ki casa sauran."

Ba ta ajiye taɓarya ba. "In ajiye in shuka a ina, Malama?"

Na ce ta dai ajiye. Ta ce yunwa ba ta san ajiya ba. Na koma gida na ɗebo masara a rumbun Baba, ban tambaye shi ba, yana kallona bai hana ba. Ta ƙi karɓa. Sai da na ce musaya ce, ta ba ni tukunyar in riƙe. Ta tura mini ita da ƙafa.

Tana nan ƙarƙashin gadona.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na ɗage tafiyar Katsina. Na ce bayanan ba su kammala ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Kwamitin yarjejeniyar tafki ya zauna. Na gabatar da gyara: tsakiyar fadama haram ga kowa, kamar da. Gefenta kuwa a yarda da noman hannu, ba feshi, ba lambatu, ba inji, kuma masu kuyoyi su ne za su tare kacalla, su tsare junansu. Wadda ta yi feshi ta rasa wurinta.

Alhaji ya ce, "Ashe doka ta fara duba fuska." Na ce aiki take dubawa, shi ma in zai duƙa da fartanya ga wuri. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce zai ga lauyansa. To, ya je ya gan shi. Ina da gwaji, ina da hotunan kacalla, zan tsaya ko'ina. A ofis ma za su tambaya, na shirya.

Gyaran tsari ne kawai, saboda kacalla. Haka na rubuta a rahoto, kuma gaskiya ne. Layin farko ba kuskure ba ne, a kan abin da na sani a lokacin... an dai wuce nan.

Da la'asar na tuge turakun gefen da hannuna, na matsar da su ciki. Sun kafu fiye da yadda na zata, tafina duk ya sale. Na kai wa Lami tukunyarta. Ta buɗe, ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta shinshina. Ba ta ce na gode ba. Mati bai dawo ba, daminar bana kuma ta tafi, babu kwamitin da zai dawo da ita.

Ta ce jibi za su fara sarar kacalla, tun ƙasa da laushi. Ta dubi hannuna ta ce in zo da fartanya, ba da biro ba.

Na ce ina da aiki jibi.

Na tambayi Baba inda fartanyar Inna take. Ya ce tana rataye a rumbu, sai dai a sake mata ƙota.