Lagwanin Yaya Manzo

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yau kwana tara Yaya Manzo bai kawo mini tankin sigarinsa na lantarki ba. Tara! Lagwanin audugar da nake sa masa bai taɓa wuce kwana huɗu ba a wannan zafin. Da azahar na rufe teburina na gyaran waya na leƙa tasha, na ɗauka ya koma wa taba. Sai na tarar da shi jingine da motarsa ta hanyar Takanamat, yana busa hayaƙin sigarin lantarkinsa hankali kwance. Na karɓa na ɗaga tankin a rana. Auduga sabuwa, fara fat, jelarta a taje. Ba hannuna ba ne.

Wai Attaher ne ya sa masa, maƙerin azurfan nan da ke bayan tasha. Ya faɗa mini haka nan kawai, ko kunya babu.

Bari in rubuta don kada ni ma in manta. Shekara ashirin da biyu Yaya na shan taba. Tari ne ya tafi da Baba. Bara lokotoro a asibiti ya ɗaga hoton ƙirjin Yaya ya ce in bai bari ba hanyar ke nan, Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wa ya samo masa sigarin lantarki wurin wani da ya dawo daga Abijan? Ni. Wa ya zauna yana kallon bidiyo da Faransanci har ya iya naɗa waya a cikin tanki, ya zura auduga ta tsakiyarta don ta riƙa jan ruwan? Ni, Abdurazak, wanda ko kara ɗaya bai taɓa sa wa bakinsa ba. Wata bakwai babu taba. Yanzu kuma Attaher.

Talata, 8 ga Afrilu

Maƙerin zobe da awarwaro. Me ya haɗa shi da tanki?

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan masallaci muka ci tuwo gidan Inna. Na tambayi Yaya a gabanta, da gangan.

Ya ce, “Abdu, kada ka ji haushi. Naka tun kahin azumi shina shaƙe ni, akwai wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Na yi shiru ne don kai.”

Don ni! Wata biyu yana haɗiye ɗaci don ni, sannan ya kai wa bare. Inna kuma, maimakon ta ce wani abu, sai ta ce Allah shi yi wa wannan Attaher albarka, ai ta lura tarin Manzo ya ragu cikin satin nan. Wata bakwai ina wannan aikin ban ji an sa mini albarka da suna ba. Na janye hannu daga tuwon. Na ciro audugar turaren da ke kunnena ina ta murza ta har ta zama zare.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ranar kasuwa. Na ce wa kaina zoben matata Fiddausi zan kai wa Attaher ya gyara. To, na kai.

Mutumin dogo ne, rawani har hanci, shayi a kan gawayi. Na samu yana yi wa wani malamin lakwal tanki, irin malaman bokon nan, sai na tsaya ina kallo kamar ban damu ba. Sai da ya wanke hannu da sabulu, ya bari suka bushe a iska. Audugarsa a cikin batta take, rufe ruf. Ba ya yanke ta yadda ya ga dama, yana bin tsawon zaren ya tsaga, ya murza baki ɗaya ya yi tsini, ya zura a wayar, ya ja gaba ya ja baya yana saurare da yatsa. Sannan ya ɗauki allura ya taje jelar biyu har suka yi sakayau, ya kwantar da su a ramukan ruwa ba tare da ya danna ba. Ni cusawa nake yi sosai, saboda hanyar Takanamat girgiza ce, kada ruwa ya zubo.

Gaskiya hannunsa bai rawa. Mutumin da ke zana azurfa da abin da bai kai allura kauri ba, ina zai yi rawa. A Tamanrasset wai ya koya, wurin wani ubangidansa.

Ya gane ni. Ya ba ni shayi, na karɓa don kada a ce. Sai ya ce, “Malam Abdurazak, naɗin wayarka mai kyau ne, ban taɓa shi ba. Amma ina kake ajiye audugarka? Tsohon lagwanin da na cire ƙamshin turare yake. Auduga tana jan duk abin da ke kusa da ita.”

Ka ji! A gaban malamin lakwal. Wato ya san matata turare take sayarwa, shi ne zai yi mini gori da shi. Na ce audugata daga farmasi take, a ledarta. Na ajiye kofin da sauran shayi a ciki na tashi. Na manta zoben ma a wurinsa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na shinshina audugata. Babu komai. Ƙamshin auduga.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Idrisa mai kabu-kabu, wanda ni na koya masa cika tanki, shi ma ya koma can. Ya wuce ta gaban teburina ya yi kamar yana amsa waya. Wayar da allonta ke nan hannuna ban gama gyarawa ba!

Fiddausi ta ce tun Lahadi fuskata kamar an aiko mini da mutuwa. Ta ce, “Maigida, in ɗan'uwanka ya samu sauƙi, mi ne naka a ciki in ba hamdala ba?” Ita ba ta san yadda abin yake ba. Tun muna yara Yaya ne mai ƙarfi, shi ne mai mota, shi ne ake kira in abu ya faru. Wannan ɗaya ne kawai ya taɓa zuwa wurina yana nema. Duk kwana huɗu ya zo ya zauna a bencina, ya miƙo, ya jira. Ina jin daɗin jiran nan nasa, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Alhamdu lillahi. Attaher ya tafi arewa bikin suna, sai bayan kwana goma sha huɗu. Yaya ya zo da yamma ya zauna a bencina kamar da.

Amma da batta ya zo. Attaher ya tsaga masa lagwani huɗu, ya murza, ya rufe. Ni aikina in zura kawai. “Nashi za ka sa hwa, Abdu.” Ya tafi sallar la'asar ya bar ni da ita.

Na daɗe ina kallon battar nan. Sai na ce bari a yi ta ta ƙare. Na jefa ta cikin aljihun tebur, na ɗauko audugata, na tsaga ta bin zare, na taje jelar da allura yadda na ga Attaher yana yi. Da ido ba mai bambancewa. In Yaya ya ja ya ce daɗi, to an gane ɗacin ba a auduga yake ba, a sunana yake. Ran nan zan faɗa masa a gaban Inna.

Ya dawo ya karɓa, ya ce an gode, ya sa aljihu. Gobe da safe yana da lodi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Jira.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Innalillahi.

Tun daga zaure Inna ta ji. Ni ma na ji. Warin taba a rigarsa, a gemunsa. Bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya zauna ya ajiye sigarin lantarkin a tabarma, ya tura mini da yatsa.

Ya ce tun kafin Affala abin ya fara shaƙe shi, ya tsaya gefen hanya yana tari har fasinja suka ba shi ruwa. Ya sake gwadawa a Takanamat, haka. “Na ce to, in har na Attaher ma ya koma haka, ba laihin kowa ba ne, ƙirjina ne ya ƙi abin. Ka yahe mini, Abdu, na zarge ka a banza.” A dawowa ya sayi kwali a Affala. Ya sha kara tara.

Ya nemi gafarata. Ni.

Inna ba ta yi kuka ba wannan karon, ta tashi ta shiga ɗaki. Abin da na so in faɗa a gabanta yana bakina, na kasa buɗe shi. Na ɗauki sigarin na sa aljihu na fito, ban ci tuwon ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da hantsi na rufe kaina a ɗaki na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki sigarin Yaya, na danna na ja.

Wayyo Allah. Kamar an tsiyaya mini kwalbar almiski a maƙogwaro an bi da wuta. Na yi tari har hawaye, har Fiddausi ta bugo ƙofa. Na ce ta shinshina audugata. Ta ce ita hancinta ya mutu da turare, amma ai ba sai an shinshina ba: tun kafin azumi kwalba ta tsiyaye a akwatin kayanta, inda nake cusa ledar don kada ƙura ta taɓa ta. Ta ma ɗauka na sani, tunda daga nan nake tsinka ta kunnena duk Juma'a, ba na ko ƙara mata turare.

Haka ne. Ba na ƙarawa. Wata biyu ina sa ta a kunne ina jin daɗin ƙamshi, ina sa ta a tankin ɗan'uwana yana zuƙa cikin ƙirjin da lokotoro ya nuna mana.

Mutumin ya faɗa mini. Da Hausa, a fili, da shayi a hannuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na kwance tankin gaba ɗaya, na wanke da ruwan zafi sau uku, na jefar da tsohuwar wayar na naɗa sabuwa. Na wanke hannu har fata ta yi fari. Na ciro battar daga aljihun tebur. Huɗu cif, yadda ya bar su.

Na samu Yaya a tasha da kara a baki. Na buɗe battar na ce ya ƙirga. Ya duba, ya dube ni. Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu kamar da muna yara. Bai yi ba. Ya ce, “Kai dai Abdu, da ƙirjina ka yi gwaji?” Shi ke nan. Ya karɓi sigarin, ya sa ni na zura na Attaher a gabansa yana kallon yatsuna kamar ana kallon ɓarawo. Ya ja. Bai yi tari ba. Amma kwalin tabar ya koma aljihunsa, ina gani.

Alhamis, 1 ga Mayu

Yana haɗawa, wannan da rana, taba bayan cin abinci. Inna ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ya gaya mata ke nan.

Na sayi sabuwar auduga da gwangwani mai murfi. A aljihun teburina zai zauna.

Talata, 6 ga Mayu

Attaher ya dawo. Zoben Fiddausi na je karɓa, ai ba zan bar masa ba. Ya gyara shi tun tuni. Bai tambaye ni komai ba, ko da yake duk tasha ta sani. Na zauna kaɗan saboda rana. Ya ce cusawar da nake yi ma tana hana ruwa bi, shi ya sa nawa ke ƙonewa a kwana huɗu. Ban ce ya nuna mini ba, shi ya miƙo allurar.

Shayinsa ya cika sukari.

Lahadi, 11 ga Mayu

Kwana biyar ke nan ina biyawa ta can, hanya ce. Yau Yaya ya bar tankinsa wurin Attaher da safe ya tafi gareji. Attaher na da awarwaron amarya a wuta, sai ya turo mini da sabulu ba tare da ya ɗago ba. Na tsaga, na murza, na zura, na ja gaba na ja baya har na ji ta kama ba ta matse ba. Na taje. Ya duba sau ɗaya ya ci gaba da aikinsa.

Yaya ya dawo ya gan ni zaune, ya ɗan ɗaure fuska. Ya ja, ya riƙe, ya saki. Ya sake ja. Ya ce, “Kai Attaher, hannunka dai babu irinsa. In haka zai riƙa yi, mi zan yi da wannan?” Ya ciro kwalin, saura kara shida, ya jefa mini a cinya ya ce in kai wa Inna ta sa a murhu.

Attaher ya ja rawani ƙasa zai yi magana. Na taka masa ƙafa.

Ba wani abu ba ne. Hannuna Yaya bai yarda da shi ba yanzu, kuma da gaskiyarsa. In sunan Attaher ne zai riƙe shi, ya riƙe shi. Ya ɗan yi mini zafi a hanya, daga tasha zuwa kwanar gidanmu, ba zan ce bai yi ba.

Inna ta ƙona kwalin, ta sake sa wa Attaher albarka. Na ce amin.