Na Yanki Kunnen Mutum Ban Ji Ba

Baba mai Shawara, a taimaka mini, raina ya gama ɓaci. Ni mai aski ne, shekara talatin da ɗaya ina tsaye bayan kujera ɗaya. Tun bara yatsu uku na hannun dama suke mutuwa, babban yatsa da biyun da ke binsa, wani lokacin kamar ana soka mini allura. Likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Ya ba ni maɗauri in riƙa kwana da shi, ya yi mini allura, na samu sauƙi wata biyu abin ya dawo. Sai ya kawo maganar tiyata, na ɗauki hulata na fice.

Ƙanin matata, wanda ba cutar da bai san maganinta ba, ya kai ni inda ake magani da wani haske da ake kira lesa. Sau goma sha biyu na je. A saka mini baƙin tabarau, a ɗora wani abu kamar tocila a hannun, in tashi in zarce shago in riƙe kilifa tana karkarwa har la'asar. Kwana biyu lafiya, na uku jiya-i-yau.

Ranar Talata ina gyara wa wani tsohon malamin makaranta gefen kunne, mutumin da tun yana da baƙin gashi nake masa aski, reza ta shige shi. Wallahi ban ji ba, sai jini na gani a kan farin ƙyalle. Bai yi faɗa ba. Kallon hannuna kawai ya yi ta madubi, wannan kallon ya fi mini zagi ciwo. Ga tsokar gindin babban yatsan ta fara lotsawa. In na kwanta tiyata, sabon shagon da ke tsallaken titi zai kwashe mini mutane. In ƙara lesar ne, ko yaya?

Mai Aski Da Ya Rasa Ta Cewa

Ɗan'uwa mai aski, sannu. Ban ga laifinka don ka ji tsoron wuƙa ba, ko da yake abin da ɗan ban dariya ga wanda ya shekara talatin yana ɗora ta a maƙogwaron bayin Allah.

Lesa ba yaudara ba ce. Wasu kan ji sauƙi na ɗan lokaci in ciwon bai yi nisa ba, amma su kansu likitoci ba su gama yarda da ƙarfinta ba, kuma ba ta buɗe wurin da ya matse. Kai kuma kana fitowa kake miƙa wa kilifa hannun ta warware aikin.

Lotsawar tsokar nan ce ta fi damuna. Alama ce jijiyar ta daɗe a matse, kuma in aka yi jinkiri ba lalle ƙarfin ya dawo ba. Koma wurin likitanka cikin makon nan, a auna jijiyar, ka tambaye shi mako nawa za ka huta in an yi tiyatar. Yawanci ƙaramin aiki ne, a yi maka ka kwana a gida. Kafin nan, ajiye reza.

Malamin nan kuma, je ka gidansa ka gaya masa gaskiya. Wanda ya kalli hannunka bai kalli jininsa ba, ba shi ne zai tsallaka titi ba. Wasu za su tsallaka, ban ɓoye maka ba. Amma sumar mutane ba za ta fasa tsirowa ba don ka rufe shago wata guda. Jijiyar ce ba ta jira.

Allah ya ba ka lafiya, ya mai da kai bayan kujerarka da hannu mai ji.